Mun Bar Taju A Ramin Galamse

Sai da muka tsallaka iyakar Aflawo muka shiga ƙasar Gana sannan na fara gane cewa sunan da muka ɗauko daga Fagge muna taƙama da shi ba abin faɗa a cikin mutane ba ne. A motar Kumasi wata mata ta tambayi Taju da Turanci me ya kawo mu ƙasarsu. Shi kuwa ya buga ƙirji ya ce mata mu 'yan galamse ne. Matar nan ta dube mu sama da ƙasa, ta janye jakarta ta ɗora a cinya. Kawu Hadi da ke bayanmu ya miƙo hannu ya mintsini Taju a wuya, ya ce ya iya bakinsa.

Kawu Hadi ƙanin mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Duk shekara sai ya ɓace, ya dawo da shadda mai maiƙo da agogo, yana raba wa tsofaffi kuɗin goro. A majalisarmu ta bakin Titin Ibrahim Taiwo Alhaji Galamse ake ce masa, yana amsawa har da ɗaga hannu. Mu a zatonmu galamse wata sarauta ce ta dillalan zinare. Ni lokacin kamasho nake yi a Kantin Kwari, ina bin masu sayen atamfa kamar ƙuda, wani ya ba ka na abinci, wani ya zage ka. Taju kuma abokina ne tun firamare. Asalinsu Yarabawa ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa kaifi. Gyaran janareto yake yi, kuma shi kaɗai Allah ya bar wa mahaifiyarsa, Iya Silifa mai sayar da amala. Don hannunsa na gyaran inji Kawu ya nace a taho da shi, ni ɗan rakiya ne kawai.

A Kumasi muka sauka a zango, gidan wani dattijo Baba Sidi, wanda kakanninsa fataucin goro ya kawo su daga Kano. Hausarsu ta ba mu dariya, tamu ma ta ba su. Matarsa Mma Adiza ta cika mana kwano da wake da shinkafa da wani yaji baƙi mai sa mutum hawaye. Da ta ji inda za mu, sai ta ajiye ludayi ta ce ayya, ta tambaye mu ko iyayenmu mata suna raye. A wurin mutanen zango, ɗan galamse yaro ne da ya kamata uwarsa ta fara tashin dare tana roƙon Allah. Na so in tambaye ta dalili, Kawu ya katse zancen da cewa tsofaffin nan komai tsoro suke ji, shi ya sa suka tsufa a gidan haya.

Daga nan sai daji. Mota ta kai mu iyakar kwalta, babur ya kai mu iyakar hanya, sauran muka taka da ƙafa ta cikin gonakin koko. Kogin da muka tsallaka launinsa kamar shayi da madara, ko tsuntsu ba ya sha. Da muka ɓullo fili sai ga ramuka birjik, kowanne da rumfar leda a kansa, injuna na ta ruri, mutane sun yi buɗu-buɗu da jar laka ba ka gane baƙi da fari. Taju ya dube ni ya ce to Malam Nasiru, ga ofishin namu, sai a nemi kujera.

A can ne na ga abin mamaki, babu mai kiran kansa ɗan galamse. Sunan na mutanen waje ne. A ciki kowa da aikinsa ake kiransa: masu sara su ne ke shiga ƙasa da kurfi da guduma da tocila ɗaure a goshi, sai masu jan igiya a baki, sai masu ɗaukar buhu, sai matan da ke tankaɗe dakakken dutse. Kawu kuwa mai ɗaukar nauyi ne, wato shi ke sayen garin kwaki da man inji, ƙafarsa ba ta taɓa taka tsanin rami ba. Albashin wata da ya yi mana alkawari a Kano ashe babu shi. Dutse ake rabawa idan an samu, tuli uku: na mai ƙasa, na mai ɗaukar nauyi, na ukun kuma duk ma'aikata su yi ta kansu a kai. Kafin a kai ga dutse mai zinare, ladanka abincinka. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce haka tsarin yake, in ina da kuɗin mota hanya a buɗe take. Ya san ba ni da ko sisi.

Ni aka sa jan igiya, don da na shiga sau ɗaya ƙirjina ya toshe aka fito da ni kamar buhu. Taju aka bar wa injuna biyu: famfon da ke zuƙo ruwa daga ƙasa, da injin da ke hura iska ta wata doguwar leda zuwa wurin masu sara. Wallahi na yi kewar gida har ina jin ta a haƙarƙarina. Na yi kewar gurasa da ƙuli, na yi kewar kiran sallar masallacin Juma'a na Fagge, har hayaniyar Kwari da nake tsinewa sai da na yi marmarinta. In Taju ya ga na yi tagumi sai ya fara tsokanata, ya ce Bahaushe in bai ga tuwo ba sai ya ɗauka ƙiyama ta tsaya. Ni kuma in ce masa ai shi da manja aka yi masa wanka yana jariri. Da irin wannan muka ci watanni.

Shugaban masu sara a raminmu wani dattijo ne daga arewacin Gana, sunansa Atinga, yana jin Hausa tsinto-tsinto. Shi ya koya mana dokokin wurin. Ba a shiga rami da takalmi, ba a yin fito a ciki. Waɗannan mun yi musu dariya a ɓoye. Amma akwai wadda ba ta wasa ba ce. Duk inda aka faɗaɗa ƙasa ana bin jijiyar zinare, sai an bar wani ginshiƙin dutse a tsakiya ba a taɓa shi ba, shi ke riƙe da rufin. Ƙafar rami suke ce masa. Ko zinare na ƙyalli a jikinsa kamar haƙorin Makka, ba a sara. Kowa a dajin nan ya san haka, har matan tankaɗe.

To mu namu ramin sai ya zo da rowa. Jijiyar ta yi siriri ta ɓace, abin da ya rage mai kyau duk yana jikin ƙafar. Ga damina ta sauka, ƙasa ta jiƙe. Kawu ya zauna ya yi lissafin man da ya ƙona, ya ce a sare rabin ƙafar a tokare da itace. Atinga ya ce shi bai gaji da duniya ba, ya ɗauki kurfinsa ya koma wani ramin. Kawu ya tara mu ya yi mana huɗuba, har yau ina jin muryarsa.

"Mu 'yan galamse kasada ce jarinmu. Duk ɗaya muke a nan, abin da ya samu ɗaya ya samu kowa."

Mu, in ji shi! Mutumin da ko lakar wurin ba ta taɓa bakin wandonsa ba. Ya nemo wasu sababbin zuwa biyu da yunwa ta gama da su, suka shiga suka sara. Buhuna suka fara fitowa da nauyi, kowa ya ga dutsen ya san an dace. Kawu har kaza ya yanka mana.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, famfo ya toshe daga ƙasa. Masu sara suna waje suna karyawa. Taju ya tuɓe silifa, ya sa sifana a aljihu, ya ce in riƙe masa shayinsa kar ƙuda ya faɗa. Ni na saukar da shi da hannuna. Ba a jima ba na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, wata iska mai ɗumi ta bugo daga ramin ta ɗaga ledar rumfa, igiyar da ke hannuna ta saki. Na ja, ta zo ba nauyi.

Na yi ta ƙwala masa kira har muryata ta dishe. Can sai wani ya ce a yi shiru. Daga bututun ƙarfen famfo muka ji ƙwanƙwasa, ƙwas, ƙwas. Na ɗauki dutse na buga, aka amsa. Na kafa kunne a bakin bututun, sai ga muryarsa can ƙasa, siririya.

"Nasiru, ƙafata ta danne. Kar ku bari injin iska ya mutu."

Abin da na gani a ranar ba zan manta da shi ba. Ramukan da ke kusa duk suka tsayar da aiki. Atinga ne ya fara zuwa, bai ce ai na faɗa muku ba, tuɓe riga kawai ya yi ya shiga. Mutanen da ko sunansu ban sani ba, waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, suka yi layi ana miƙo ƙasa a bokiti. Wata mai tankaɗe ta dafa doya ta kawo wa masu haƙa ba ta karɓi komai ba. Amma da aka yi nisa sai aka ci karo da wani falalen dutse da ya toshe hanya, Atinga ya ce hannu ba zai iya ba, sai an kawo motar haƙa an buɗe ta sama.

Kawu ya ce shi zai je gari ya ɗauko. Sai dai masu motar ba sa motsi sai sun ga kuɗi, don haka zai tafi da buhunan duka, har da kason ma'aikata, ya niƙa ya sayar. Babu wanda ya yi gardama, har sababbin zuwan nan biyu da ba su da komai a duniya sai kasonsu. Ya dafa kaina yana hawaye, ya ce ko ba don Taju ba, ai da wane ido zai dubi Yayarsa, mahaifiyata. Da hannuna na taya shi loda buhunan a keken kaya.

Muka zauna jira. Man inji ya ƙare, na sayar da wayata na sayo. Ya sake ƙarewa, masu ramuka suka yi ta tsiyayo mana daga nasu. Ina zaune a gindin bututun nan ina bugawa yana amsawa, ina ce masa Kawu na hanya, ya yi haƙuri, mota na zuwa. Mun zuba masa ruwan sukari ta bututun, ban sani ba ko ya kai bakinsa. Ƙwanƙwasar ta fara ja baya, maganar ta ɗauke. Duk ƙarar da na ji daga hanya sai in miƙe tsaye. Wayar Kawu kuwa duk wanda ya kira sai ya ji ta a kashe. Ranar da na buga bututun ba a amsa ba, na ci gaba da zuba mai a injin har yamma, sai da Atinga ya zo ya kashe shi da kansa ya zauna kusa da ni.

Motar haƙa ba ta zo ba. Waɗanda suka zo wasu mutane ne da ƙartai masu adduna, suka ce ramin nasu ne, sun saya. Na ce a hannun wa? Suka faɗi sunan Kawu. Mai sayen, wani kakkauran mutum mai zobba, bai ma ga abin ɓoyewa ba. A dajin nan akwai wani camfi: ramin da ya ci mutum ya sha jini, zinarensa zai buɗe, don haka kuɗinsa ya fi na sauran. Da wannan Kawu ya yi talla. Kuma da na tambayi ranar da aka yi cinikin, ashe ranar da ya bar mu ce. Ina gindin bututu ina ce wa Taju mota na zuwa, shi yana gari yana sayar da ramin a matsayin wanda ya riga ya ci mutum. Taju na numfashi Kawu ya karɓi kuɗin mutuwarsa.

Ban san lokacin da na shaƙe mai zobban nan ba. Ƙartansa suka yi min dukan da har yau in hadari ya haɗu sai kafaɗata ta gaya min. Na roƙe su ina kwance a laka su bari ko gawar a ciro, suka ce buɗe wannan ɓangaren asara ce, ta gefe za su shiga. Suka jera itace suka toshe. Abin da aka iya yi wa Taju shi ne wani Badagombe mai ɗaukar buhu ya tara Musulmin wurin, muka yi sahu a bakin ramin muka yi masa salla. Ba wanka, ba likkafani. Atinga da mutanensa suka tsaya a gefe sun cire huluna.

Na fita gari da niyyar kai ƙara. A ƙofar ofishin 'yan sanda wani mai shayi ɗan Nijar ya ga lakar jikina ya kira ni gefe. Ya ce in na shiga na ce daga ramin galamse nake, kuma baƙo, ni za a fara rufewa kafin a tambayi sunan mamacin. Ya nuna min rediyonsa, ya ce kullum zancen ke nan, 'yan galamse sun kashe koguna, sun cinye gonaki, a kama su a ƙone injunansu. Kuma ba ƙarya suke yi ba, na ga kogin da idona. A bakin hukuma ɗan galamse mai laifi ne, mai laifi kuwa ba ya kai ƙara. Ya haɗa min shayi da burodi, ya ƙara min kuɗin motar Kumasi.

A zango Mma Adiza ta gasa min jiki da ruwan zafi kamar ɗan da ta haifa. Baba Sidi ya ce Kawu ya biyo ta nan da sababbin akwatuna, da aka tambaye shi yaran da ya tafi da su sai ya ce shi fa ɗan kasuwa ne, ba ruwansa da harkar 'yan galamse. Na ari waya na kira Inna, mahaifiyata. Kafin in buɗe baki ta ce Kawunka ya iso, ya yi mana bayani, kar ka kira kowa sai ka dawo. Na yi dako a kasuwa har na samu wata motar goro mai zuwa Nijeriya, direban ya ɗauke ni a kan in riƙa taya shi ɗaure tamfol.

Na tarar da Kawu ya kama shago a Kantin Kwari, atamfa har rufi. Ya hana a kira shi Alhaji Galamse, wai sunan ba na mutunci ba ne. Sai sunan ya dawo kaina. A majalisa in na doso sai ka ji an ce ga ɗan galamse nan, wato wanda ya je neman zinare ya dawo da tari da riga ɗaya. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne labarin da ya kai Sabon Gari. Ya ce wa Iya Silifa Taju ya samu aiki mai tsoka ya zarce Kwaddibuwa, can ba sabis, zai kira in ya natsu. Har tana aika masa da amala shago, da nama zaɓaɓɓe, don ya riƙa jiyo mata labarin ɗanta.

Na gaya wa Inna komai. Ta yi kuka sosai, sannan ta share hawaye ta kama hannuna ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya mutu ya mutu, in na tona, ƙaninta ne zai shiga uku, zumunci ya watse, a bar kaza cikin gashinta. Na ce Inna, matar nan fa kullum wayarta na ɗaure a bakin zaninta tana jira. Ta ce in na je ban ji maganarta ba. Tunda nake ban taɓa tsallake maganar Inna ba. Na yi kwanaki ina zagaye hanya don kar in bi ta Sabon Gari, abinci ba ya shiga. Ran nan dai na idar da sallar azahar, ƙafata ta ɗauke ni.

Na same ta a rumfarta tana tuƙi. Da ta gan ni ta saki muciya ta rungume ni, tana cewa na rame, tana leƙa bayana ko akwai wani. Na durƙusa na ce Iya, ki zauna. Ban rage mata komai ba, har bututun, har cinikin. Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon tukunyar tana ƙonewa, sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

"Da aka sayar, yana da rai?"

Na ce yana da rai, Iya.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu aka yi zaman makoki, Yarabawa da Hausawa da makanikan layinsu duk suka cika. Inna ba ta zo ba, kuma tun ranar ko na gaishe ta da kai take amsawa. Ran addu'ar uku sai ga motar Kawu. Ya fito cikin farar shadda, aka sauke buhun shinkafa babba aka jingine a zaure. Ya zauna a sahun gaba ya shafa fatiha, yana gaya wa na kusa da shi cewa yaron kirki ne, shi ma ba a gaya masa gaskiya da wuri ba. Na yunƙura zan tashi, wani dattijo ya danne min gwiwa.

Bayan ya tafi Iya ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune a tsakiyar mata, idanunta sun kumbura. Ta nuna zauren da hannu.

"Nasiru, ɗauki shinkafar nan ka mayar masa. Ka ce ba ni da tukunyar da za ta dafa ta. Ɗana na ba shi, ɗana nake so, ko ƙashinsa ne."

Wani ya ce bari a tsayar da adaidaita, na ce a'a. Na ɗora buhun a ka, na fito daga Sabon Gari da ƙafa, na ratsa Fagge rana tsaka mutane suna kallona, har cikin Kwari. Shagon cike yake da masu ciniki. Na sauke masa buhun a kan atamfofin, na faɗi saƙon Iya da ƙarfi yadda duk layin zai ji, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.